Jagora Ga Uba Kirista Mai Ƙananan Yara: Daga Ciki Zuwa Shekara Bakwai

Ka lura da yawancin majami'unmu ran Lahadi, ko a Kafanchan ne, ko Jos, ko Wusasa, ko Biliri. Maza a ɓangarensu sun zauna tsaf, Littafi Mai Tsarki a cinya. Mata a nasu ɓangaren, kowace da goyo a baya, ɗaya a cinya, wani kuma yana jan zaninta yana neman ruwa. In yaro ya tsala kuka, uwa ce za ta fita da shi, uban ko waiwaye ba ya yi. Mun saba da wannan har mun ɗauka haka Allah ya tsara. Amma da Manzo Bulus ya zo kan maganar goyon yara a Afisawa 6:4, ubanni ya kira da suna: kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata, sai dai su goye su cikin horo da gargaɗin Ubangiji. A Kolosiyawa 3:21 ma ubannin ya sake kamawa. Uban da yake ganin ya sauke nauyi tunda ya kawo cefane, ya biya kuɗin makaranta, ya kuma ajiye bulala a bayan ƙofa, aikinsa da saura.

Wannan jagora ta shafi shekarun farko ne, daga ciki zuwa wajen shekara 7, lokacin da yaro yake yanke hukunci a zuciyarsa ko Baba mutum ne da ake gudu zuwa wurinsa ko wanda ake gudu a ɓuya masa. Hukuncin nan yana da nauyi a gidan Kirista, domin yaron da ka koya wa ya ce "Ubanmu wanda ke cikin Sama" ba shi da wani uba da ya sani sai kai.

Mataki na farko: fara da uwarsu

Tun ciki bai tsufa ba, ka tabbata ta fara zuwa awo, kuma ka raka ta ko da sau biyu ne ko uku. Ka ji da kunnenka abin da ma'aikatan jinya suke faɗa game da abinci, maganin ƙarin jini da allurai. Ka san asibitin da za ta haihu, ka ajiye kuɗi a gefe wanda ba za a taɓa ba, ka kuma riƙe lambar mai mota ko mai Keke Napep da zai amsa waya da tsakar dare. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye.

In kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Najeriya, tun 2021 aka amince da hutun kwana 14 ga maza in matansu sun haihu. Ka nema, kuma ka yi shi a gida. Ba hutun zagaya abokai a yi maka barka ba ne. In manomi ne kai ko ɗan kasuwa, ka rage fita a makonnin farko gwargwadon hali. Mai jego tana bukatar abinci mai kyau, barci, da wanda zai ɗauke mata ɗiban ruwa da kula da manyan yara. Ka kuma sa ido a kan yanayinta. Macen da ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta iya barci ko da jariri ya yi, ko ta daina sha'awar jaririn, tana bukatar ganin likita. Ka yi mata addu'a, i, amma kada ka ce mata rashin bangaskiya ne.

Abu ɗaya kuma da za ku ƙulla tun yanzu: saɓaninku a ɗaki zai tsaya. Kada ka ƙaryata ta ko ka yi mata tsawa a gaban yara. In ta hana yaro abu, kada ka ba shi a bayan idonta don a ce Baba ya fi kirki. In kana ganin ta yi kuskure, ku yi magana bayan sun yi barci. Namijin da yake dukan matarsa kuwa, duk sauran abin da ke cikin wannan jagora ba zai amfane shi ba sai ya fara tuba daga wannan, ya nemi fasto ko dattijon da zai tsaya masa a kai.

Mataki na biyu: ɗauki jaririn da hannunka

Akwai alkunyar da muka gada, musamman a kan ɗan fari: uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, wani ma ba ya kiran sunansa. Kunya ado ce a wurinta, kuma ba na cewa ka yi rashin ta ido a gaban surukanka. Amma a cikin ɗakinka ba wanda ya hana ka. Jariri yana sanin murya da ƙamshin mai ɗaukarsa kullum. In ka jira sai ya yi wayo kafin ka kusance shi, baƙo zai ɗauke ka.

Ka koyi abubuwa huɗu a watan farko: yadda ake tallafe kan jariri, yadda ake sa shi ya yi gyatsa bayan ya sha nono, yadda ake canza kunzugu ko famfas, da yadda ake yi masa wanka. Ka roƙi uwarsa ko kakarsa su nuna maka. Za su yi maka dariya ranar farko, daga nan shi ke nan. In ya tashi da dare ya sha nono bai koma barci ba, karɓe shi ka zagaya da shi a kafaɗa kana rera masa waƙar coci a hankali, uwar ta samu ta runtsa. Ka kwantar da shi a rigingine, ba rub da ciki ba. In kukansa ya kai ka maƙura, ajiye shi wuri mai aminci ka fita ka sha iska na minti biyar. Ko kusa kada ka jijjiga jariri da ƙarfi cikin fushi, domin hakan na iya lalata masa ƙwaƙwalwa ko ya kashe shi.

A nan ne kuma za a gwada ko kai ne maigidan. Tsofaffi za su zo da shawarwari, wasu masu kyau, wasu masu haɗari, kuma matarka ba za ta iya musu da uwarka ba. Kai ne za ka tsaya, cikin ladabi. A ba jariri dakashi, wato nonon farko, kada a matse shi a zubar. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko da ana zafin bazara. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara. Kada a kira wanzami ya cire belu. Cibiya kuma a shafa mata abin da asibiti suka bayar kawai, ban da man goge baki, toka ko kashin shanu. Ka ce, "Mama, na san don ƙauna kike faɗa, amma likita ya hana, ni ma na hana." Ka ɗauki laifin a kanka.

Bikin suna da miƙa yaro ko baftisma, bisa ga tsarin ikilisiyarku, abin farin ciki ne, amma kada ka ci bashi don a ce an yanka sa. Kuɗin da za a cinye a wuni ɗaya zai sayi magani da abincin mai jego na watanni. Abin da ya fi bikin muhimmanci shi ne alkawarin da ka ɗauka a gaban jama'a ranar nan. Kafin ka manta kuma, ka je ka karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka adana ta tare da katin rigakafi.

Mataki na uku: san abin da ke kashe ƙananan yara

Katin rigakafi ya kamata ka san shi kamar yadda ka san ranar albashi. A Najeriya ana yi ne ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Iyaye da yawa suna ƙoƙari har mako 14, sai su yi sakaci da na wata 9 da na wata 15, alhali a nan ne allurar ƙyanda take. Ka rubuta ranakun a wayarka.

Kowane yaro ya kwana a gidan sauro, kuma kai ne za ka duba da dare ko an soke gefensa a ƙarƙashin katifa. In damina ta sauka ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ka karɓa, ka tabbata an ƙarasa shan na kwanakin da suka ce. In gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda nan take, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashinsa yana sauri haƙarƙari na lotsawa, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2 ya yi zazzaɓi. In yana jijjiga, kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Ku yi addu'a a kan hanya. Na sha jin an kai yaro gidan addu'a ya kwana uku kafin a tuna da asibiti, kuma ban ga inda Littafi ya umarci haka ba. Yayirus shugaban majami'a ne, amma da 'yarsa ta kai gargara da ƙafarsa ya fita neman taimako, bai aiki matarsa ba.

Mataki na huɗu: yanka musu lokacin da ba mai taɓawa

Yaro ƙarami bai san "ina nema muku ne" ba. Abin da ya sani shi ne ko kana nan ko ba ka nan. Ka zaɓi lokaci ɗaya a yini, ko da minti 20 ne, wanda nasu ne. Ga yawancin maza, dawowa daga aiki ya fi sauƙi. Ka ajiye waya a ɗaki, ka zauna a tabarma daidai tsayinsu, ka bar su su zaɓi wasan. Su hau bayanka, ku yi ɓuya, ku ƙera mota da kara ko gwangwani, ka yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Wasan banza kake gani, amma a nan yaro yake koyon magana, jiran layi, da yadda ake faɗuwa a tashi ba kuka. Ka riƙa ci tare da su ko da sau ɗaya a rana, maimakon a kai maka naka ɗaki a rufe.

Ɓarayin wannan lokaci sanannu ne: majalisa, teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, ga wasu kuma gidan burkutu, wanda yake cin lokaci da kuɗin cefane a tare. Akwai wani ɓarawon da ba a cika ambatonsa ba domin yana sanye da rigar ibada. Litinin taron kwamiti, Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis Zumuntar Maza, Jumma'a addu'ar dare, Asabar fita wa'azi. Mutum ya zama ginshiƙin ikilisiya, 'ya'yansa kuwa sai ran Lahadi suke ganinsa, shi ma daga nesa a kan bagade. Bulus ya faɗa wa Timoti cewa wanda bai iya sarrafa gidansa ba, ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah (1 Timoti 3:4-5). In kana da yara ƙanana, ka riƙe hidima ɗaya ko biyu ka yi su da kyau, sauran ka ce a ba wani. Fasto mai hankali ba zai ji haushi ba.

In aiki ya raba ka da gida, kamar soja, ɗan sanda, direban babbar mota ko mai aiki a Abuja iyali na ƙauye, ka sa lokacin kira wanda ba ya canzawa, kuma ka ce a miƙa wa kowane yaro wayar. Kada kiran ya zama na "me ya ƙare a gida" kaɗai. In ka dawo kuma, kada ka shigo da shari'ar laifuffukan wata guda. Ka fara zama uba kafin ka zama alƙali.

Mataki na biyar: addu'ar gida da yaro zai iya ɗauka

A nan iyaye maza da yawa suke kasawa, ta hanya biyu. Wasu ba sa yi sam, sun bar wa Makarantar Lahadi da uwa. Wasu kuma suna tashin 'yan shekara uku da asuba su yi musu wa'azin awa guda, yara na gyangyaɗi ana zungurinsu. Na biyun yana iya sa yaro ya tsani abin da kake so ya ƙaunata.

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune a gida, a tafe a hanya, a kwance da kuma a tashe. Wato kaɗan-kaɗan, kullum, a cikin zaman yau da gobe. Ga tsarin da yake aiki ga yara 'yan ƙasa da shekara 7, kuma minti 10 ya isa.

Ku fara da waƙa ɗaya mai amshi, wadda za a tafa. A bar yara su zaɓa bi da bi, ko da kullum ita ɗaya suke zaɓa. Sai labari ɗaya. Ka karanta shi kai kaɗai tun da rana, sa'an nan ka ba da shi da bakinka kamar tatsuniya, da muryoyi da motsin hannu, Littafin a buɗe a gabanka don su san inda ya fito. Labaran da suka fi kama ƙananan yara su ne halitta, jirgin Nuhu, jariri Musa a cikin kwando, Sama'ila da aka kira da dare, Dauda da Goliyat, Daniyel a ramin zakoki, haihuwar Yesu, ɓatacciyar tunkiya, ciyar da mutum 5,000, Yesu ya tsawata wa iska, da ranar da ya sa wa yara albarka bayan almajirai sun kore su. Kada ka ji nauyin maimaita labari ɗaya mako guda cur. Yara suna son abin da suka riga suka sani.

Bayan labari, tambaya ɗaya ko biyu: "Wa ya ji tsoro a labarin nan? Me Yesu ya yi?" In amsar ta karkace, kada a yi dariya. Sai aya ɗaya gajeriya da za a haddace a mako, ba a kwana ba. Zabura 23:1, Yahaya 3:16 a gutsure, 1 Yahaya 4:8, Afisawa 6:1. Daga ƙarshe addu'a. Ɗan shekara biyu ya ce "Na gode Yesu" ya isa. Ɗan shekara huɗu zai iya ambaton mutum ɗaya da za a yi wa addu'a. Kafin shekara shida yawancinsu za su iya Addu'ar Ubangiji. In ku Katolika ne, alamar gicciye da gajerun addu'o'i su fara, rozari cikakke ya jira su ƙara girma.

Ka yi da harshen da yaron yake ji a gida. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kuma harsuna da dama na yankinmu suna da Sabon Alkawari nasu. In kai Bajju ne, ko Berom, ko Bura, ko Tangale, ka sa waƙa ɗaya ko addu'a ɗaya da yarenku. Turanci zai same su a makaranta ko ka so ko ka ƙi. Yaron da ya san Allah da Turanci kaɗai yakan ɗauka abin makaranta ne.

Ka kiyaye abu biyu. Lokacin addu'a ba kotu ba ne. Kada ka zaɓi labarin Hananiya da Safiratu, waɗanda suka faɗi matattu saboda ƙarya, don wani ya saci nama a tukunya da rana, ko ka riƙa habaici a cikin addu'a: "Ya Ubangiji, ka shirya mana wane mai taurin kai." Na biyu, in an tsallake kwana uku saboda baƙi ko rashin lafiya, a ci gaba kawai ba tare da dogon bayani ba.

Kafin su yi barci, ka ɗora hannu a kan kowane yaro ka kira sunansa ka sa masa albarka. Kalmomin Littafin Ƙidaya 6:24-26 sun isa. Ayuba ma kullum yana miƙa hadaya saboda 'ya'yansa ɗaya-ɗaya. In suka jefo tambaya mai wuya, kamar ina Kaka ta tafi da ta mutu, ko wa ya haifi Allah, ka amsa gajere kuma da gaskiya. Kada ka ce mamaci "ya yi tafiya" ko "yana barci", domin yaro zai zauna jiran dawowarsa ko ya fara tsoron barci. In ba ka da amsa, ka ce za ku tambayi Fasto tare, kuma ku tambaya ɗin.

Mataki na shida: horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne. Littafi bai yaba wa uban da ya zuba ido ba. Eli ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi bai hana su ba, gidansa ya rushe. An kuma rubuta game da Adonija cewa ubansa Dauda bai taɓa tsawata masa ya ce don me ka yi haka ba (1 Sarakuna 1:6). Saboda haka dole a yi horo. Tambayar ita ce ta yaya.

Da farko ka raba ƙuruciya da tawaye. Ɗan shekara biyu da ya zubar da kunu, ko ɗan shekara huɗu da ya yi fitsarin kwance, ko wanda ya fasa kofi yana ƙoƙarin taya uwarsa aiki, bai yi laifi ba. Hannunsa da mafitsararsa ne ba su gama ƙwari ba. Duka ba ya maganin fitsarin kwance, ƙara shi yake yi. Birgima da ihu a wajen shekara biyu zuwa uku ma abu ne da kusan kowane yaro yake yi, kuma yawanci yunwa ce ko barci. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, ɗan 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Gidan da yara suke kaiwa sha ɗayan dare a gaban talabijin ba zai rabu da rigima ba.

Dokokin gida su zama kaɗan, waɗanda yaro zai iya lissafawa da yatsun hannu ɗaya: ba ƙarya, ba duka ko cizo, ba zagi, a amsa in an kira, ba fita waje sai an tambaya. In ya karya, ka je kusa da shi, ka durƙusa ku haɗa ido, ka faɗi abin da ya yi da abin da zai biyo baya in ya sake. In ya sake, ka cika maganarka nan take. A karɓe abin wasan da ya yi jifa da shi har gobe. Ya zauna gefe na 'yan mintuna, kimanin minti ɗaya ga kowace shekararsa. Ya goge abin da ya ɓata. Ya ba wanda ya cuta haƙuri. Daga nan magana ta ƙare, ka rungume shi, ba a sake tayar da ita da dare. Abin da ke sa horo ya ci shi ne a san ba ka canzawa. Uban da yake dariya yau a kan abin da zai yi duka gobe, yara yanayin fuskarsa suke koyo, ba daidai da kuskure ba.

To, sanda fa, tunda Karin Magana 13:24 da 22:15 sun ambace ta? Kiristoci masu tsoron Allah sun bambanta a kan wannan. Nawa ganin shi ne, yawancin dukan da ake yi a gidajenmu ba shi da alaƙa da waɗannan ayoyi. Huce haushi ne: an ɓata wa mutum rai a wurin aiki, ko aljihu ya bushe, sai yaro ya taka sawun ɓarawo. Yaƙub 1:20 ya ce fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Binciken masana lafiyar yara ma ya daɗe yana nuna cewa yawan duka yana haifar da yaro mai faɗa da iya ɓoye laifi. Ko wane ra'ayi ka riƙe, akwai iyakar da ba a tsallakewa: ba a dukan jariri, ba mari ko ranƙwashi a kai, ba wayar wuta ko bel, ba barkono, ba hana abinci, ba kullewa a ɗaki mai duhu. In ka ji zuciyarka na tafasa, ka ce "za mu yi magana anjima" ka fita. In ka bi matakan da ke sama da gaske, za ka tarar da wuya ka nemi sanda.

Baki kuma ya fi bulala daɗewa a jiki. "Wawa", "ɗan iska", "ba za ka yi albarka ba", "dubi ɗan wane ya fi ka". Yaro yana gaskata duk abin da ubansa ya ce shi ne. Ka tsawata wa aikin, ka bar mutumin. Kada kuma ka mai da Allah dodo, kana cewa zai ƙona shi a wuta don ya ƙi cin tuwo. Ka roƙi maman yara ta daina "bari babanku ya dawo", domin wannan yana mai da ƙarar babur ɗinka ƙararrawar tsoro. In kuma ka hukunta yaro a kan abin da bai yi ba, ko ka wuce gona da iri, ka kira shi ka ce, "Na yi kuskure, ka yafe mini." Girmanka ba zai ragu ba, kuma da wuya ya koyi tuba a wani wuri fiye da nan.

Sai son kai tsakanin 'ya'ya. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gida ya rabu biyu. Yakubu bai ɗauki darasi ba, ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwansa suka sayar da shi. A wurinmu abin yakan fito ne tsakanin maza da mata, ko tsakanin ɗan ciki da ɗan riƙo. In ka sayo takalmin Kirsimeti, na kowa ya zo tare, har da marainiyar da kuke riƙo. 'Ya'ya mata su samu cinyarka da makaranta daidai da maza, maza kuma su koyi shara da wanke-wanke, su ga kai ma kana yi.

Mataki na bakwai: tsare su

Daga shekara uku ka fara koya wa yaro, mace da namiji, cewa wuraren da wando yake rufewa nasa ne, ba mai taɓawa sai uwa wajen wanka ko likita a gaban iyaye. Ka koya masa cewa ba wani babba da zai ba shi sirrin da za a ɓoye wa Baba da Mama. Masu lalata da yara yawanci ba baƙi ba ne: dangi ne, maƙwabta, masu koyarwa, wani lokaci har a cikin coci. In yaro ya fara ƙin zuwa wurin wani mutum, kada ka tilasta shi don kunya, ka bincika. In ya faɗa maka wani abu, ka gaskata shi, a kai shi asibiti, a kai ƙara wurin hukuma. Kada a rufe maganar da sunan kare mutuncin dangi ko na ikilisiya. Abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 18:6 game da dutsen niƙa bai bar wurin sasantawa a ɓoye ba.

Waya kuma ba mai reno ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ka san abin da suke kalla, har da abin da yayyensu da 'yan aiki suke buɗewa a gabansu. Su haddace cikakken sunanka, sunan unguwa da na cocinku, in sun kai shekara biyar kuma lambar wayarka.

Da yawanmu muna zaune da maƙwabta Musulmi, wasu ma dangi ne na jini. Ka koya wa yara su gaida su da ladabi, su yi shiru in ana salla a kusa, su kai musu abincin Kirsimeti. Abin da kake faɗa game da mutanen wani addini ko wata ƙabila a cikin ɗaki, shi za su fita da shi waje, ko da an taɓa yin rikici a garinku kuma kana da ciwon da ka sani. Su san abin da suka gaskata da dalilinsa, ba tare da sun koyi raini ba.

Mataki na takwas: coci, kuɗi da aikin hannu

Ran Lahadi ka taya shirya su, ku fita tare a kan lokaci. Ka san malamin Makarantar Lahadi da suna, ka tambayi yara a hanyar dawowa abin da aka koya. Wani lokaci ka karɓi ƙaramin ya zauna a cinyarka a ɓangaren maza, uwar ta ji wa'azi daga farko har ƙarshe. Kada kuma ku zauna cin abincin rana kuna yanka Fasto da dattawa a gaban yara. In sun kai shekarun shiga Boys' Brigade ko Girls' Brigade, ƙungiyoyin yara maza da mata na coci, ka ƙarfafa su.

Kuɗin baiko ka ba su tun a gida, su riƙe, su saka da hannunsu. In baƙo ya ba su kuɗi, a raba: na Allah, na asusu, na alewa. Kuma in ka ce "kawo in ajiye maka", to ka ajiye ɗin, domin yara ba sa manta bashin nan. Haka alkawarin tsaraba: in ba ka da hali, ka ce babu, ya fi ka ce gobe. Kada ka aike su su ce wa mai bin bashi ba ka nan alhali kana ɗaki.

Ɗan shekara uku zai iya kwashe takalma ya jera. Ɗan shekara biyar zai iya watsa wa kaji tsaba, ya ba shuka ruwa, ya miƙo maka sufana in kana gyaran babur. Ka tafi da su gona ko shago wani lokaci su ga inda abinci yake fitowa, amma talla a titi ba aikin ƙaramin yaro ba ne.

In kana karanta wannan alhali yaranka sun riga sun saba watsewa in ka shigo, kada ka tara su ka yi jawabin cewa daga yau an canza. Ka ɗauki abu biyu kawai a wannan makon: zaman tabarma na minti 20 da sa albarka kafin barci. Kwanakin farko za su tsaya nesa suna kallonka, suna jiran su ga inda faɗan zai ɓullo. Ka fara da ƙaramin cikinsu, shi ne zai riga matsowa, manyan za su biyo shi. Addu'ar gida ta shigo a mako na biyu ko na uku, bayan ka shawarci maman yara a kan lokacin da ya fi dacewa da girki da barcinsu.